Akwatin ƙahon da aka bari a kan kanta

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta fara fita ba sanda. Labarin naɗa ka shugaban masu busa ƙaho a ƙungiyar makaɗan makarantarku ya same mu, mun yi murna, ita har da hawaye. Na so in rubuto tun a lokacin, Allah bai nufa ba sai yanzu, kuma abin da ya zaunar da ni da alƙalami yau ba murna ba ce.

Wata magana ta iso kunnena. Kada ka tambaye ni wa ya faɗa, kada kuma ka ɗora wa ƙanwarka, ba ita ba ce. An ce makonni biyu da suka wuce, a wajen atisaye, wani yaro ɗan aji ɗaya ya kasa kai wani sauti na sama, ya busa abin ya fashe masa. An ce ka tsayar da kowa, ka miƙar da shi tsaye shi kaɗai, ka sa ya maimaita wurin har sau bakwai a gaban 'yan uwansa, kowane maimaici ya fi na baya lalacewa, har wasu suka fara dariya, kai kuma ba ka tsawata musu ba. Da aka tashi ya goge ƙahon, ya sa a akwati, ya ɗora a kan kanta, kuma tun ranar ba a sake ganin ƙeyarsa a ɗakin atisaye ba.

Idan ƙarya aka yi maka, ka rubuto ka ce ƙarya ne, zan nemi afuwarka ba tare da jin nauyi ba. In kuwa haka aka yi, to ka nemi wuri ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe.

Kwana uku ke nan akwatin nan yana hana ni barci. Ka san tsorona na da, cewa kiɗa ba zai riƙe ka ba, zai cinye maka karatu. Wannan na daɗe da sallamawa. Tsoron da ya danne ni yanzu shi ne a ce akwai ɗan wani da ya zo da sha'awarsa, iyayensa suka yarda bayan wa ya san irin roƙon da ya yi, sannan ya ajiye kiɗa har abada ta sanadin ɗana. Ya kai shekara arba'in ya ji busar ƙaho daga nesa, maimakon ransa ya yi fari sai fuskarka ta faɗo masa. Ba na son sunanka ya zauna a zuciyar kowa a haka. Wallahi gara a karɓe shugabancin gobe da safe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kai ka fi kowa sanin abin da ya sami yaron. Kai ka zaunar da ni lokacin hutu ka nuna mini cewa maɓallan ƙaho uku ne kacal, sauran aikin duk na leɓe ne da numfashi. Ka ce leɓɓa ne ke kaɗawa a cikin bakin ƙarfen, kuma sautin sama yana son iska mai sauri da wuya a sake. To me tsoro ke yi wa mutum? Ya busar da yawu, ya taƙaita numfashi, ya shaƙe maƙogwaro, ya sa yaro danna ƙarfen a leɓe da ƙarfi har leɓen ya daina kaɗawa. Ta yaya busa ta bakwai za ta fi ta farko kyau alhali kowace faɗuwa tana ƙara masa firgita? Ka san ba za ta fi ba. Tun a ta uku ka sani. Saboda haka daga ta huɗu zuwa ta bakwai ba koyarwa kake yi ba, nuna wa ɗakin kake yi cewa yanzu kai ne a sama.

Kuma ka san maganin, domin da shi aka yi maka. A bar yaro sai an watse, a kunna masa na'urar ƙidayar bugu a kan bugu 60 a minti, a fara daga sautin da yake kaiwa cikin sauƙi, ya ja shi da tsawo, a hau mataki ɗaya, a huta, a sake. Minti goma kullum na sati biyu. Abin da shugaba ke yi ke nan, ba kuma wanda zai tafa masa a kai.

Na san abin da ke bakinka: a wurin Baba na koya. Faɗe shi, ba laifi. Shekara 31 na yi ina koyarwa, ban taɓa zama malami mai wasa ba, kuma a gida ma ban sassauta muku ba. Zangon da na kulle ƙahonka a kabad ban yi nadamarsa ba har gobe, ka tuna sakamakon da ka kawo kafin nan da wanda ka kawo bayansa. Amma ka tuna su wa ke wurin a daren? Ni da kai, ƙofa a rufe. Ko bayan abin da ya faru a gidan kawunka, da kowa ya zuba ido ya ga me zan yi, sai da muka dawo na yi maka magana. Ban taɓa tsinka ka a gaban ƙannenka ba, kuma ba haka kawai na ɗauki wannan ɗabi'a ba. A shekarata ta biyu da fara aiki na tsayar da wata yarinya a gaban allo a kan lissafin rabawa, alli yana rawa a hannunta, aji yana dariya, ni ina ganin horo nake yi. Zangon da ya biyo baya kujerarta babu kowa. Ban san inda rayuwa ta kai ta ba, kuma har yau in na ga alli ya karye a hannun yaro sai gabana ya faɗi. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai mahaifiyarka. Yau na gaya maka domin kada ka ɗauki irin wannan kaya a wannan shekarun naka.

An kuma ce kana faɗi a cikin abokanka wai Malaminku ya cika sanyi, shi ya sa sashenku bai yi ƙarfi ba. Kul! Kada in sake ji. Mutumin da ya duba yara fiye da goma ya zaɓe ka, ya sa sunanka a horon shugabannin ɗalibai, ya bi ku can ya zauna a aji shi ma yana ɗaukar darasi da furfurarsa, shi ne yau ya zama mai sanyi? Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Abin da kake kira sanyi shi ya riƙe ka lokacin da kake shekara tara, leɓe a kumbure, kana fitar da wani sauti da maƙwabta suka yi ta ƙorafi a kai. Da malaminka na farko ya miƙar da kai sau bakwai a lokacin, da yau ba mu wannan magana.

Kai ne fa ka dawo daga horon nan baki bai rufuwa da labarin José Antonio Abreu na ƙasar Benezuwela, wanda ya kira atisayen farko na shirinsa na koya wa matasa kiɗa a 1975 a wata ma'ajiyar motoci a Karakas, matasa 11 kawai suka zo, bai kore su ba, bai raina su ba. Ka ce abin da ya raya shirin shi ne yaron da ya iya kaɗan yana koya wa wanda bai iya ba, kuma daga cikinsa Gustavo Dudamel ya fito ya jagoranci ƙungiyar matasan makaɗan ƙasar a 1999 yana ɗan shekara 18. Na lura a ranar cewa shekara 18 ɗin ce ta fi burge ka. Ni kuwa 11 ɗin nan ce ta tsaya mini. Mutumin da 11 kawai ya samu ba shi da ko ɗaya na zubarwa. Ku nawa ne a sashenku da har za ka yar da ɗaya?

Ka kuma gaya mini cewa kafin babbar ƙungiyar makaɗa ta fara wasa, mai busa obo, wannan algaitar ta Turawa, shi ke ba da sauti guda, mai kaɗawa 440 a daƙiƙa, kowa ya yi tsit ya saurara ya daidaita kayansa da shi, har da manyan da suka fi shi suna. Na daɗe ina tunanin wannan. Sana'ar da ka zaɓa da kasa kunne take farawa. Da ka kasa kunne ga yaron nan da ka ji ba rashin ƙoƙari ke damunsa ba. Wataƙila sabon bakin ƙaho aka ba shi, wataƙila leɓensa ya gaji tun rabin atisaye, wataƙila wani abu ne daga gida. Ka tambaye shi?

Ɗana, ban ce kai mugu ba ne. Na san zuciyarka, ni na ga yadda ka kwana a zaune da ƙaninka a asibiti. Na kuma san tsoro ne ke cinka kai ma, wasan ƙarshen zango ya matso, kana gudun a ce sashen da aka damƙa maka ne ya ba da kunya. Sabon shugaba yakan ɗauka in bai ɗaga murya ba za a raina shi. Babba juji ne, wani kuskuren na yara haɗiye shi ake yi a gaban jama'a, a gyara shi a keɓe.

Ga abin da nake so. Ka fara zuwa wurin Malam ka faɗa masa da bakinka, kafin ya tambaye ka. Sannan ka sauke akwatin nan daga kan kanta, ka ɗauka da hannunka ka kai wa yaron har inda yake. Kada ka aika. Ka ba shi haƙuri ba tare da "amma" ba, kuma tunda a gaban mutane ka kunyata shi, a gabansu za ka ce ka yi kuskure. Zai yiwu ya ƙi dawowa. In ya ƙi, ka koma bayan kwana biyu.

Mahaifiyarka ta ce in tambaye ka ko kana sa abin toshe kunnen da ta saya maka. Likitan da ya duba ka ya ce ƙarar da ta wuce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana cin ji a hankali, kai kuma kullum kana tsakiyar ƙahoni. Ka riƙa sawa, ko don hankalinta ya kwanta. Ba ta san da maganar yaron ba, na bar maka ka gaya mata da kanka in ka gyara.

Ina jiran amsarka kafin ƙarshen wata, kuma ka rubuto mini sunan yaron, ina so in riƙa sa shi a addu'a tare da kai. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka