Zuwa ga Abba, a Mosko

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya sanyi, ya karatu? Yayarka ta nuna min hoton da ka tura mata, ta kuma faɗa min abin da ka ce ta ɓoye. Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata.

Na daɗe ina kallon abin. Tsohon kuɗin Rasha ne, rubul goma na zinari, bugun 1899, ga kan sarkinsu Nikolas na Biyu da gemunsa yana duban hagu, ko kambi babu. A baya kuma mikiyar nan ce mai kai biyu, kowane kai da kambinsa, ga na uku babba a sama. Ƙafa ɗaya ta damƙe sandar mulki, ɗayar ta riƙe dunƙule mai gicciye. A ƙirjinta mahayin doki ya soke dodo da mashi, a fukafukanta kuma tambura takwas na ƙasashen da suka mallaka, har da Folan da Finlan. Wanda ya sassaƙa wannan ya iya aikinsa, ni da na tsufa a kan zinari nake gaya maka. Na gaske giram 8.6 yake yi, da rubutu zagaye da bakinsa. Ka ɗora shi a sikeli kuwa? Jabunsa ya yi yawa.

To ko jabu ne, asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Abin da ya hana ni barci shi ne wai kana tara su da kuɗin makaranta, za ka taho da su hutu ka sayar. Abba, a wajensu wannan kayan tarihi ne, ba a fita da shi sai da takardar izinin Ma'aikatar Al'adu. In kwastan suka tsare ka a filin jirgi, wajen wa za ni? Yarensu nake ji, ko wani na sani a can? Ka manta wuyar da muka sha a kan Kawunka? Shi ma fa a inda ake jin maganarmu ne. Gonar bakin rafi na sayar don ka zama likita, kai kuma ka koma dillanci!

Na san za ka ce na cika tsanani. Haka Malam ya riƙe mu, kuma ba mu lalace ba.

In kuɗin ne ba sa isa, ka faɗa min ba kunya, zan san yadda na yi. Waɗanda ka saya ka rabu da su tun kana can. Ummanka ba ta sani ba, ka san hawan jininta. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare min kai.

Mahaifinka