Tseren Monako ba gosulo ba ne

Zuwa ga Editan Shirin Wasanni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni bakanike ne a nan Kaduna, gyaran ƙafar mota da birki nake yi, kuma kafin in zauna a gareji na yi shekaru ina jan motar haya tsakanin Kawo da Zariya. Rediyon garejinmu ba ya barin tasharku, shi ya sa wata magana da na ji a shirinku ta tsaya mini a rai har na ɗauki biro.

Da aka zo kan tseren motoci na Formula 1 da ake yi a Monako, wata 'yar ƙaramar ƙasa a bakin teku a Turai, ɗaya daga cikin masu gabatarwa ya ce shi bai ga abin kallo ba. Wai motoci ne a jere kamar gosulon Ahmadu Bello Way da yamma, kuma duk direban da ya saba ratsa bakin Kasuwar Gumi zai iya yin wannan. Aka yi dariya aka wuce. Ranka ya daɗe, an yi wa kitse kallon rogo.

Akwai inda na ba shi gaskiya. Shan gaba a Monako abu ne mai wuyar gaske. A 2024, motoci goman da suka tashi a sahun gaba haka suka kammala, kowa a inda ya fara. To amma mai sauraro ya cancanci a gaya masa dalili.

Tun 1929 ake wannan tsere a kan titunan garin, waɗanda mutane ke bi zuwa aiki da kasuwa. Zagaye ɗaya kilomita 3.337 ne kacal, amma kwana 19 ne a cikinsa, kuma sau 78 ake zagayawa. A filin da aka gina don tsere, in ka wuce kwana akwai fili ko tsakuwa da za su karɓe ka, ka juyo ka ci gaba. A Monako shingen ƙarfe ne dama da hagu, motar kuma faɗinta ya kusa mita biyu. Don ya samu lokaci mai kyau, dole direba ya riƙa bi daf da ƙarfen, har tayar ta riƙa shafarsa. In ya bar tazara, na baya sun fi shi sauri. In ya ƙara ɗan yatsa, ƙafar gaba ta karye. Mu da ke kwance ƙafar mota kullum mun san ba sai an yi mugun karo take lanƙwashewa ba, balle tasu da aka ƙera ba nauyi. Kuma direban kusan a kwance yake a ƙasa, shingen ya fi kansa tsawo, don haka yakan karya kwana alhali bai ga abin da ke bayanta ba.

Ita kanta kwaltar ba ta tsere ba ce. Duk wanda ya yi tuƙi ya san titin gari yana da doro a tsakiya don ruwa ya gangara, ya san fentin da ake ja wa layi yana santsi in ya jiƙe, ya san man da motoci ke ɗigarwa. Duk waɗannan suna nan. Marafan magudanar ruwa ma sai an bi su da walda, domin iskar da ke bi ta ƙarƙashin motar tana iya tsotso su. A Baku, babban birnin Azarbaijan, inda nan ma kan titin gari ake tseren, a 2019, marfi ya taso ya ragargaza cikin motar George Russell. A Las Vegas, a 2023, haka ta faru da Ferrari ɗin Carlos Sainz, aka tsayar da atisayen bai ko kai minti goma ba.

Akwai wata kwana a gaban wani otal a Monako wadda ta fi kowace kwana a Formula 1 tafiyar hawainiya, wajen kilomita 50 a awa. Saboda tsananin lanƙwasarta, sai an yi wa sitiyari gyara na musamman kafin mota ta iya juyawa. Jim kaɗan bayanta kuma direba ya faɗa ramin ƙarƙashin gini, yana gudun sama da kilomita 250, daga hasken rana zuwa duhu, daga duhu zuwa haske, kuma yana fitowa, ido bai gama washewa ba, ga gangara ga wurin taka birki. A daidai wannan yanki Alberto Ascari ya faɗa teku da motarsa a 1955, Allah ya yi da sauran kwana. Lorenzo Bandini shi bai tsira ba a 1967.

Labarin da ya fi zama a zuciyata shi ne na Ayrton Senna, mutumin Birazil. Ba wanda ya kai shi cin Monako, sau shida. Amma a 1988 yana gaba, ya ba Alain Prost, wanda ke biye da shi, ratar kusan daƙiƙa 50, saura zagaye goma sha ɗaya ko sha biyu a tashi, aka ce masa ya sassauta tunda nasara ta zo hannu. Hankalinsa ya ɗan saki, sai ga shi jikin ƙarfe a kwanar da ake kira Portier. Fita ya yi daga motar ya nufi gidansa da ke kusa, bai koma wajen mutanensa ba. A zamanin, da hannu ake sa giya, wato rabin zagayen da hannu ɗaya yake riƙe da sitiyari. Ni na san wannan sakin hankalin. Direban haya ya fi yin hatsari in ya hango gida, ba a tsakiyar daji ba. Bambancin shi ne mu muna da gefen titi.

Ana cewa da ɗan gari akan ci gari, amma Charles Leclerc, haifaffen Monako, wanda ya taso yana bin titunan nan, ya samu gurbin farko a sahun tashi a 2021 ya kuma samu a 2022, bai ci ba sai 2024. Sauran tseren kan titin gari ma ba su da sauƙi. A Singafo, inda aka fara tseren dare a 2008, zafi da gumi ne ke haɗuwa da ƙuncin hanya na kusan awa biyu, direba ya fito ya rage kilo biyu ko uku. A Baku akwai mashigar da ke bin jikin tsohuwar ganuwa, faɗinta mita 7.6.

Malam Edita, ba don kare wasan Turawa na rubuto ba. Yaran garejinmu suna sauraronku, abokansu ma haka. Ka san abin da ke faruwa a garin nan ranar ɗaurin aure, yadda samari ke karɓar motar gida su hau titi suna juyi da ita, taya na hayaƙi, yara sun yi da'ira suna ihu. Ni ake kawo wa motocin washegari, ƙafa a karye, wani lokaci da jini a jikin bamba. Na taɓa raka maƙwabcina asibiti da ɗansa wanda ya je kallo kawai, har yau yaron yana ɗingishi. In rediyo ta ce tuƙin Monako kowa ma zai iya, saurayin nan zai ji an ce shi ma gwani ne.

Alhali abin da ake yi a can kishiyar nasa ne. Makonni ake ɗauka ana kafa shinge da raga. Ana rufe titi gaba ɗaya, ba mai Keke Napep, ba mai talla, ba akuya. Ga likitoci, ga 'yan kwana-kwana, ga masu tuta a kowace kwana, ga na'urar ɗaga mota a tsaye. Direban yana sanye da kayan da ba sa cin wuta, kuma yawancinsu tun suna yara ƙanana suka fara da ƙananan motocin koyo. Duk da haka ƙarfen bai bar Senna ba.

Roƙona shi ne in tseren ya sake zagayowa, ku ware minti biyar ku yi wa masu sauraro bayanin ranar Asabar, ranar da ake neman gurbin tashi, domin a Monako nan ne gwani ke bayyana. Ku faɗi tsawon hanyar, ku faɗi yawan kwanonin, ku faɗi aikin da ake yi kafin a bar mota ɗaya ta motsa. In kuna son wanda zai yi bayanin abin da ke samun ƙafar mota in ta daki kwalbati da gudu, ni zan zo, har da wata karyayya da na ajiye a gareji.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Tudun Wada, Kaduna.