A Haɗa Masu Zanen Gini da Kafintoci a Tsarin Legas

Ya Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan yadda ake raba tsara gari da zanen gini da aikin kafinta a Legas, alhali kowanne ya dogara da ɗan'uwansa. A unguwanni irin su Agege da Idi-Araba, inda Hausawa da dama ke zaune, ana gina ƙananan ɗakunan haya masu ƙaramar taga, sai mai haya ya sayo manyan kujerun kushin da aka ƙera don falon masu hali, ɗaki ya cushe, iska ta rasa hanyar wucewa, ga laimar bakin teku tana lalata duk katakon da bai bushe sosai ba.

Demas Nwoko, mai zanen gini ɗan Najeriya wanda ya zana cocin Dominican da ke Ibadan, ya shahara wajen haɗa zanen gini da ƙera kujeru, yana amfani da kayan gida, yana barin iska ta ratsa gini. A 2023 aka karrama shi da lambar Golden Lion a baje kolin gine-gine na Venis. A ganina, irin wannan tunani ne ɗalibanmu masu koyon zanen gini suka fi buƙata.

Tun da gwamnati ta ƙudiri mayar da masu yankan katako na Okobaba da ke cikin gari zuwa Agbowa can wajen gari, ya kamata masu tsara gari su ware wa kafintoci wuraren aiki kusa da unguwanni, domin kada kuɗin dakon katako ya koma kan talaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Agege, Legas