Baba, kada a yi wa wayar nan filashin

Manchester, Ingila

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan kana lafiya, da Hajiya, da Goggo, da yaran gida baki ɗaya. Yaya hunturu, yaya kasuwa? Mu ma nan lafiya ƙalau, sai sanyi da gajartar yini, don kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi.

Na turo wannan takarda ta wayar Maryam, ta karanta maka bayan isha'i. Ita ta shaida mini cewa an yi kwana uku babu wuta, wayarka iPhone ta mutu, da aka kai ta caji aka kunna sai ta ƙi buɗewa da fuskarka, ta ce sai an saka lambar sirri. Maryam ta ce ranka ya ɓaci, har ka ce abin da ya san fuskarka shekara biyu yaya za a yi ya wayi gari bai san ka ba, kuma wani mai gyara ya ce a kawo ya yi mata filashin.

Baba, don Allah kada a kai. Lafiyar wayar ƙalau. Filashin shafe komai ne, kuma Sadiƙu ya tabbatar mini bai kunna ajiyar iCloud, wato ma'ajiyar kamfanin Apple da ke kwafe abin da ke cikin waya zuwa intanet, ba saboda tsadar data. Ke nan duk abin da ke ciki, a nan kaɗai yake: lissafin bashin da kake bin mutane a kasuwar Muda Lawal, hotunan sunan Ummi, da saƙonnin muryar marigayiya Inna, Allah ya jiƙanta. Wanda ta yi maka daga asibiti tana tambayar ko an ba tumaki dusa, ban da shi a wajena. Tun da Maryam ta kira ni shi nake ta tunani. Kuma ko an shafe, wayar za ta iya sake neman bayanan asusun Apple kafin ta yi aiki, ka ga an yi ba a yi ba.

A kuma daina gwada lambobi da ka. Duk kuskuren da aka ƙara, lokacin jira ƙaruwa yake, daga minti ɗaya har ya kai awa, a ƙarshe ta kulle gaba ɗaya. Na samu Sadiƙu a can inda yake hidimar ƙasa, yana tune da lambar, zai kira ka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ban rubuta ta a nan ba da gangan.

Bari in yi maka bayanin dalili da misalin sitonka. Kai kake zuwa da safe ka buɗe kwaɗo da makulli. Bayan nan yaron shago ya zauna a bakin ƙofa, wanda ya sani ya bar shi ya shiga, baƙo ya tsayar da shi. To in aka rufe sito aka datse kwaɗo, ko yaron ya fi kowa sanin fuskarka, ba shi da abin buɗewa, sai ka ciro makulli daga aljihu. Lambar nan ita ce makulli, fuska kuwa yaron shago ce. Abin da ke cikin wayar a ƙulle yake da wani irin rubutun sirri da ba ya warwaruwa sai da lambar. Duk lokacin da waya ta mutu aka kunna, kwaɗon ya koma ya datse, shi ya sa ɓarawo ba ya cin ribar kashewa da kunnawa.

Ba mutuwar batir kaɗai ke jawo hakan ba. In waya ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba, za ta nemi lamba. In ta duba fuska sau 5 ba ta gane ba, za ta nema. Akwai kuma wanda ya fi rikita mutane: in aka yi kwana shida da rabi ba a saka lambar ba, sannan aka yi awa 4 ba a buɗe da fuska ba, sai ta tambaya, yawanci da asuba bayan an tashi daga barci. Da na bincika, sai Maryam ta ce ai hakan ya sha faruwa, Sadiƙu ne yake karɓa ya danna ya miƙo maka. A nan muka yi kuskure, ni da shi. Mun ba ka waya, makullinta yana hannun wani, kuma ni ce babba, ni ya kamata in lura tun ranar da na aiko ta. Ka yafe mana.

Maganar gane fuska sau 5 ɗin nan ta shafe ka sosai a wannan lokaci, tunda na san da hunturu kana rufe hanci da hirami saboda ƙura, ranar Juma'a kuma ga rawani da amawali. Wayar ba hoto take kallo ba. Ɗigo-ɗigon haske sama da 30,000 da ido ba ya gani take watsawa a fuska, ta auna tudun hanci da kwarin ido da haɓa, shi ya sa take gane ka ko cikin duhu. In rabin fuskar a rufe yake, awon bai cika ba. Ni ma na sha wannan wahala da na fara aiki a nan a 2021, muna yini da takunkumi a ɗakin marasa lafiya, kullum sai danna lamba. Sai a watan Maris na 2022 aka fito da gyaran da ke sa ta gane mutum ta kewayen idanu, kuma yana aiki daga iPhone 12 zuwa sama. Taka 12 ce, Maryam za ta iya kunna maka. A riƙa goge saman gilashin ma, ƙurar Bauchi ba ta raga wa komai.

Goggo ta taɓa tambayata ko jikoki za su iya kara maka wayar a fuska kana barci su buɗe. Ka gaya mata a'a, sai idonka yana buɗe kana kallonta. Kamfanin Apple, wanda ya fito da tsarin a 2017, ya ce yiwuwar wani can daban ya buɗe da tasa fuskar bai kai ɗaya cikin miliyan ba, sai dai tagwaye, da 'yan'uwa masu tsananin kama, da yara 'yan ƙasa da shekara 13. Wasu ƙananan wayoyin da ake sayarwa a kasuwar Wunti kuwa da kyamarar gaba kawai suke dubawa, har hoto yana iya yaudararsu, don haka Maryam kada ta dogara da tata.

Yanzu roƙona. In an buɗe, ka canza lambar da hannunka. Guda shida ce, ba ta kai lambobin waya na abokan cinikinka da kake haddacewa ba. Kada ta zama shekarar haihuwa, ko ƙarshen lambar wayarka, ko 123456. Ka riƙa saka ta sau ɗaya kullum bayan sallar asuba ko ba ta tambaya ba, har yatsa ya saba. A kasuwa ko wajen mai POS ka kare allon da tafin hannu, domin wanda ya ga lambar ya fizge waya ba ya buƙatar fuskarka, kuma manhajar bankinka tana ciki.

Na ƙarshen yana da nauyi a bakina, amma zan faɗa. Bara wani bawan Allah Bahaushe da muke haɗuwa da iyalinsa a masallaci ya rasu ba zato. Babu wanda ya san lambarsa, har matarsa. Kafin hankali ya dawo jikin mutane awa 48 ta wuce. Har yau ba su san wa yake bi ba, wa ke bin sa, kuma ka fi ni sanin nauyin bashi a kan wanda ya riga mu. Allah ya ja da ranka, Baba, ya ba ka shekaru masu albarka. Amma ka sa lambar a takarda, ka ajiye cikin akwatin da takardun gida suke, Hajiya kaɗai ta san da ita. Ni ma na yi hakan, tawa tana wajen maigidana.

Na tura wa Maryam kuɗi ta sayo ƙaramin abin caji mai aiki da hasken rana, da data ta wata guda don a kwafe muryoyin Inna a turo mini ranar da aka buɗe. Ka gaida Hajiya da Goggo, da Malam liman, da su Kawu na Jahun. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam.

'Yarka,
Hauwa'u