Tsohuwar motar alfarma mai dizal: a duba kafin a biya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu sha'awar tsofaffin motocin alfarma masu dizal, irin su Mercedes E-Class, BMW 5 Series da Audi A6. Injinsu kan haura kilomita 300,000 in ya samu kulawa, kuma ba su da shan mai a doguwar tafiya. Kayan da ke kewaye da injin su ne ke cin aljihu.

Matatar hayaƙi ta DPF ce kan gaba. Sai ta yi zafi kusan digiri 600 take ƙone baƙin da ta tara, zafin kuwa sai a kan babbar hanya ake samunsa. In zirga-zirgar cikin gari ce kawai, sai ta toshe, dizal ya riƙa sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi, turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, ya lalace. Gaskiya mai irin wannan tuƙi, motar fetur ta fi masa.

Kafin ciniki, a cire murfin robar saman inji. A Mercedes, baƙin abu kamar kwalta a gindin injekta, mai fesa dizal cikin inji, alama ce zoben tagullar da ke toshe gindinta ya fara yoyo. A BMW mai injin N47, a saurari ƙarar sarƙar taimin, mai daidaita juyawar sassan inji, daga bayan inji. Canza ta yawanci sai an sauke injin. E-Class na 2002 zuwa 2006 kuma yana da famfon birki na SBC mai tsadar sauyawa.

A juye baƙin mai duk kilomita 10,000, man giya duk 60,000, ko da an ce ba ya buƙatar canji.

Wassalam,
Wani mai karatu