Sarkin gardama, mutuminka ya dawo

Sarkin gardama,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya kake, ya madam da yara, ya aiki? Kar ma ka fara, na san laifina ne, wata bakwai ban ce maka uffan ba, saƙonka na Kirsimeti na gani na ce bari in samu natsuwa in rubuta maka mai tsawo, natsuwar ce har yau ba ta iso ba. Amma kai ma ai ba ɗaure maka hannu aka yi ba. Akwai abin da nake so in tambaye ka, shi ne ma ya sa na ɗauki wayar, amma tsaya tukuna in sauke kayan da ke kaina.

Mutuminka ya dawo. E, shi fa. Gaskiya ma ya kai shekara da dawowa, ban gaya maka ba don ko sunansa ba na so yatsana ya rubuta, har yanzu ma ka ga ban rubuta ba. Bayan shekara 6 babu waya babu saƙo, ni kuma ka san yadda na ƙare da bashin da na tsaya masa, shekara 3 ana yankar albashina, har yarinyarmu ta zauna zango guda a gida. Wata Lahadi kawai sai ga shi a coci, ya rame kamar ba shi ba, ya tsaya gaban ikkilisiya ya faɗi komai da bakinsa har da sunana, yana kuka. Dattawa suka sa shi a horo, ya koma bencin baya, ba ya waƙa ba ya cin jibin Ubangiji. Ni kam hakan ya yi mini daidai. Ina shiga ta ƙofar gaba ina fita ta ƙofar gaba, ba ruwana.

To Lahadin da ta wuce horon ya ƙare. Fasto ya kira shi gaba ya karanta 2 Korantiyawa 2:6-8, wurin da Bulus yake cewa hukuncin da jama'a suka yi wa mutumin nan ya isa, yanzu a yafe masa a ta'azantar da shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Coci ta ɗauki tafi, mata suka ɓarke da waƙa, wasu na share hawaye, ni ina zaune kamar an dasa ni, a raina ina cewa to wa aka yanka wa albashi a cikinku? Kuma ranar jibin Ubangiji ce. Ka san tun bara suka saka ni cikin dattawa (yi dariyarka, furfura uku ce kacal), kuma ni ne mai ɗaukar faranti na ɓangaren da yake zaune. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ina tafiya layi-layi ina lissafin ko zan yi kamar ban gan shi ba, ko in miƙa wa na kusa da shi farantin in juya baya. Da na iso gabansa bai ɗago kai ba, hannu kawai ya miƙo yana rawa, har ya kusa zubar da ƙoƙon. Na riƙe masa farantin har ya ɗauka. Hannuna ya miƙa, zuciyata ba ta miƙa ba, kai kaɗai zan iya gaya wa haka. Da na koma na zauna da nawa ƙoƙon sai 1 Korantiyawa 11:28 ta faɗo mini, kowa ya bincika kansa kafin ya ci ya sha, ga kuma Matiyu 5 da zancen barin baiko a gaban bagade a je a shirya tukuna. Na daɗe ina kallon ƙoƙon nan. Na sha dai. Ko daidai na yi ko ba daidai ba, kai da ka karanci tauhidi sai ka gaya mini, amma kar ka aiko mini da shafi goma.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni ne fa nake koya wa matasa Afisawa 2:8-9 har sun haddace, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba aikinmu ba ne, kyautar Allah ce, don kada kowa ya yi fariya. Da bakina kam na iya shi. Ashe duk shekarun nan da nake karanta labarin ɓataccen ɗa a Luka 15 ina ɗaukar kaina ƙaramin ɗan ne da uba ya rungume, ban taɓa lura cewa ni ne babban wan ba, wanda ya dawo daga gona ya ji kiɗa da rawa ya ƙi shiga. Na sake karantawa daren nan, ka duba yadda yake magana, ba ya cewa ƙanena, cewa yake ɗan nan naka, sai uban ya mayar masa da cewa ɗan'uwan nan naka. Ni da na kasa rubuta sunan mutum ai ka ga inda na tsaya. Kuma uban fita ya yi ya same shi a waje yana lallashi, kamar yadda ya ruga ya taryi ƙaramin, sannan labarin ya yanke a nan, Yesu bai faɗa ba ko wan ya shiga ko bai shiga ba. Da ina jin haushin wannan yankewar, yanzu tsoro take ba ni.

Af, kafin in manta, kwaya ta samu sabon kibod, kuma yayarka har yanzu ita ke ɗaukar waƙa daga can sama inda ba mai iya binta, ranar Ista sai da maza suka yi shiru suka bar ta ita kaɗai ta kai baitin ƙarshe. Mai ganga ya yi aure, e, wanda ya rantse shi kamar Bulus zai zauna. Kuma ka tuna wadda ka rubuta wa wasiƙa mai ayoyi goma sha biyu daga Waƙar Waƙoƙi? Ɗanta na fari aka yi wa baftisma kwanan nan, ta ce in gaishe ka, har yanzu tana dariya in an ambace ka. Kar ka nuna wa madam wannan layin.

To mu koma. Kamar da gangan, nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba ni ne da jagora, kuma jadawalin tun farkon shekara aka tsara, Matiyu 20, ma'aikatan gonar inabi. Mai gona ya ɗauki wasu da sassafe a kan dinari ɗaya, ya ƙara wasu wajen ƙarfe 9, da 12, da 3, har da na ƙarfe 5 na yamma waɗanda awa ɗaya kawai suka yi, da aka tashi biya aka fara da na ƙarshe, kowa dinari ɗaya. Wani yaro a cikin matasan ya ɗaga hannu ya ce Baba wannan ai zalunci ne. Da a ce bara ne da tuni na kashe bakinsa da bayani, cewa ba wanda aka rage wa ko kaɗan daga abin da aka yi alkawari. Amma ranar sai na ji ina bayansa ɗari bisa ɗari. Na ce masa ni ma haka nake ji, kuma ina ganin Yesu ya ba da labarin ne don mu ji hakan. Ajin ya yi tsit. Mu alherin da muka saba da shi ai ajiya ne, shi ya sa ake cewa danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, ka yi wa mutum yau ka tsinta gobe. Wannan mai gonar kuwa ba ajiya yake yi ba, rabawa kawai yake, kuma tambayar da ya yi wa mai gunagunin ita ce ko kana jin ƙyashi ne don ina da kirki.

Na yi ƙoƙarin kare kaina da mutumin nan naka da ba ka gajiya da ambato, Bonhoeffer, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye a watan Afrilu 1945. Na ce wa madam ai tun 1937 ya gargaɗi ikkilisiya a kan alheri mai arha, gafara ba tuba ba horo. Ba ta ko ɗago daga gugar da take yi ba, ta ce to wannan ya tuba a gaban kowa, ya yi shekara a bencin baya, arhar tana ina? Ta ce kai dai so kake a ce maka kai ma'aikacin asuba ne a ƙara maka dinari. Na ce Zakka mai karɓar haraji fa, ai cewa ya yi zai mayar ninki huɗu. Ta ce je ka duba Luka 19, Yesu ya riga ya ce a gidansa zai sauka kafin ya yi maganar mayar da komai. Ban san ranar da matar nan ta wuce ni a Littafi ba, ina zargin ku biyu kuna waya a ɓoye.

Daren jiya barci ya ƙi, har lissafi na zauna na yi a kan bawan nan na Matiyu 18. An yafe masa talanti 10,000, shi kuma ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. In dinari ladan yini ɗaya ne, talanti ɗaya kuma wajen dinari 6,000, bashinsa ya kai ladan yini miliyan 60 ke nan, ba ran da zai biya ko da an ara masa rai dubu. Na gane lissafin sarai. Amma dinari 100 ma ai aikin sama da wata uku ne, ba ƙarya ba ne bashin, akwai zafi, kuma na ji daɗi da Yesu bai ce ba komai ba ne. Nawa ma shekara uku ne. Abin da na kasa shi ne in ji nauyin nawa bashin a wurin Allah yadda nake jin na mutumin nan, laifi tudu ne dai.

A bakin gaskiya ya fara biya, sau biyu ke nan yana turo ɗan abin da ya samu, ba wanda ya tilasta masa. Shekaranjiya kuma ya turo saƙo ta WhatsApp wai yana roƙo ya zo gida ya gaishe mu, ko minti biyar ne. Na buɗe, ya ga na buɗe, ban amsa ba. Na rubuta "ka zo ranar Asabar" na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Madam ta ce in ban amsa ba kafin Juma'a ita za ta amsa da wayata. Ka sa ni a addu'a da gaske, ba irin "zan yi" ɗin nan da ni da kai muke ce wa mutane a bakin ƙofar coci ba. Kuma in ya neme ka, don ya tambayi lambarka wurin yayarka, kar ka ce na gaya maka komai.

Mama da sauƙi, ƙafar ce dai, amma ba ta fasa addu'ar safe ba, kullum sai ta jero sunanka a tsakanin jikoki. Yaron nan namu ya fi ni tsawo yanzu, ya karɓe jitar da ka bari, igiya biyu sun tsinke. Abin da na ce zan tambaye ka kuwa ya tsere mini gaba ɗaya, na koma sama na karanta ko zan tuna, shiru. In ya dawo zan turo. Ka gaida madam da yara, ka turo hoton ƙaramar, tun tana zanen goyo rabona da ganinta.

Naka,
dattijo mai furfura uku