Kafin a kira Mormon Kirista ko a hana su sunan, a tambaye su wane ne Allah

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka.

Na rubuto ne kan tambayar da ke ƙara yawo tsakanin masu karatu, wato ko mutanen da ake kira Mormon Kirista ne. A da maganar ta Amurka ce, sai kuma kudancin Najeriya, inda suka buɗe haikali a Aba a 2005. Amma a watan Oktoban 2024 shugabanninsu sun sanar za su gina haikali a Abuja, kuma samarinsu masu wa'azi, da ke yawo bibbiyu da farar taguwa da baƙin allon suna a ƙirji, ba baƙin gani ba ne yanzu a manyan birane. Idan aka zo ba da labarinsu da Hausa, wasu kan ce "wata ɗarikar Kirista" su wuce, wasu kuma su ce "ƙungiyar asiri". Na farko ya gajarta magana har ta ɓata, na biyu kuwa ƙazafi ne.

Sunan da suka ba kansu shi ne Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkaka na Kwanakin Ƙarshe, kuma tun 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya roƙi a daina ce musu Mormon. Ina amfani da sunan a nan don shi jama'a suka sani. Joseph Smith ne ya kafa ta a jihar Niyok ranar 6 ga Afrilu 1830. Ya ce a 1820, yana ɗan shekara 14, Allah Uba da Yesu sun bayyana gare shi su biyu, sannan wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa faranti na zinariya, daga cikinsu ya fassara Littafin Mormon. An kashe shi a kurkukun Carthage a 1844, Brigham Young ya jagoranci mafi yawan mabiyansa zuwa kwarin Salt Lake a 1847. Yau sun haura miliyan 17 a duniya.

Adalci ya sa a fara da hujjarsu, domin tana da nauyi. Sun gaskata budurwa Maryamu ce ta haifi Yesu, ya yi mu'ujizai, an gicciye shi saboda zunubin mutane, ya tashi da jiki a rana ta uku, zai kuma dawo. Da sunansa suke rufe kowace addu'a. Kowace Lahadi suna cin jibi don tunawa da shi, sai dai da gurasa da ruwa. Suna karanta Littafi Mai Tsarki, kuma a 1982 suka ƙara wa Littafin Mormon ƙaramin take da ke cewa shi wata shaida ce ta Yesu Almasihu. Idan ma'aunin shi ne na Antakiya, inda Ayyukan Manzanni 11:26 ta ce aka fara kiran almajirai Kirista saboda sunan wanda suke bi, Mormon zai ce ya shiga. Da wannan ma'aunin masu ƙidaya suke aiki, shi ya sa cibiyar bincike ta Pew ke lissafa su cikin Kirista.

Sai dai ikilisiya ba ta tsaya a Antakiya ba, kuma ba son jayayya ya sa ta ci gaba ba. A farkon ƙarni na 4 wani firist na Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Shi ma yana kiran sunan Yesu, yana baftisma, yana kawo ayoyi. Sai ya zama dole a fayyace wane Yesu ake nufi. Taron Nikiya na 325, da na Kustantiniya na 381 da ya cika shi, suka fitar da shaidar bangaskiyar da ake karantawa har yau. Ginshiƙanta uku ne. Allah ɗaya ne, shi ya halicci dukan abin da ake gani da wanda ba a gani. Ɗan haifaffe ne tun fil'azal, ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba. Ruhu Mai Tsarki kuma Ubangiji ne da ake yi wa sujada tare da Uba da Ɗa. Wannan ita ce koyarwar Triniti, Allah ɗaya cikin uku.

A lura da irin faɗin wannan layi. Katolika da Otodoks sun rabu tun 1054. Furotesta sun fita daga Roma a ƙarni na 16. Kibɗawan Masar da ikilisiyar Habasha sun ƙi taron Kalsidon na 451. Masu baftismar jarirai da masu ta manya ba su daina muhawara ba. Duk da haka kowannensu yana riƙe da Nikiya. Ko ikilisiyoyinmu na nan da ba kowace Lahadi ake karanta shaidar ba, a buɗe kundin koyarwar ECWA ko COCIN ko Baftis, za a tarar da Triniti a sahun farko. Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya ma sharaɗinta ke nan tun 1961: shaida cewa Yesu Allah ne kuma Mai Ceto, ga ɗaukakar Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ikilisiyar Mormon ba ta cikinta.

To, me Mormon ke koyarwa a wannan wuri? A littafinsu na Koyarwa da Alkawura, sashe na 130 aya ta 22, an ce Uba yana da jiki na nama da ƙashi da ake iya taɓawa kamar na mutum, Ɗan ma haka, Ruhu ne kaɗai ba shi da jiki. Su uku daban suke, ɗayantakarsu ta nufi ce da shawara, ba ta zati ba. A wa'azin da Smith ya yi a watan Afrilun 1844, wanda ake kira na King Follett, ya koyar cewa Allah kansa ya taɓa zama mutum kamar mu, ya ɗaukaka. Wannan wa'azi ba ya cikin nassoshinsu huɗu (Littafi Mai Tsarki, Littafin Mormon, Koyarwa da Alkawura, da Lu'ulu'u Mai Tamani), kuma shugabanninsu na yanzu ba sa yawan bin diddigin asalin Uba. Amma ɗaya ɓangaren yana cikin nassi ƙarara: sashe na 132 ya ce waɗanda aka ɗaura musu auren har abada, suka riƙe alkawari, za su zama alloli. Littafin Ibrahim, da ke cikin Lu'ulu'u Mai Tamani, yana ba da labarin halitta da jam'i, "alloli" suka tsara sama da ƙasa, kuma daga abin da yake akwai tun da, domin ba su yarda an yi halitta daga babu ba. Sun kuma ce dukanmu 'ya'yan ruhu ne na Uba da wata Uwa ta sama tun kafin haihuwa, Yesu ne ɗan fari a cikinmu.

Wannan na ƙarshe shi ne tushen rabuwar. A wurin Kirista na Nikiya akwai iyaka tsakanin Mahalicci da halitta wadda ba a tsallake ta har abada. Mutum na iya zama ɗan Allah ta alheri, har 2 Bitrus 1:4 ta yi maganar tarayya cikin halin Allahntaka, ayar da Otodoks ke ƙauna ƙwarai, amma ba ya zama abin da Allah yake. A wurin Mormon kuwa Allah da mutum jinsi ɗaya ne, tazarar ta matsayi ce, irin ta uba da ɗansa da bai gama girma ba.

Suna da ayoyinsu, kuma duk wanda zai zauna da su gara ya san su. Sukan kawo baftismar Yesu a Urdun, inda aka ji muryar Uba, Ruhu ya sauko, Ɗan yana cikin ruwa. Sukan kawo Istifanas da ya ga Yesu tsaye a hannun dama na Allah, da addu'ar Yesu a Yahaya 17 cewa almajirai su zama ɗaya kamar yadda shi da Uba suke ɗaya. Amsar ita ce Triniti bai taɓa cewa Uba shi ne Ɗa ba, don haka nuna bambancinsu bai rushe komai ba. Inda magana take shi ne Maimaitawar Shari'a 6:4, wadda Yesu da kansa ya maimaita a Markus 12:29, cewa Ubangiji ɗaya ne, da Ishaya 43:10 da 44:6, inda Allah ya ce babu wani allah kafin shi, ba kuwa za a yi wani bayansa ba, da Yahaya 4:24 da ta ce Allah Ruhu ne. Kolosiyawa 1:16 kuma ta ce ta wurin Ɗan aka halicci kome, har da ikokin da ba a gani, wanda ya sa ba zai zama ɗan'uwan waɗannan halittu ba.

Ina da jan hankali ga 'yan'uwa Musulmi masu karanta wannan shafi. Jin cewa Mormon ba su yarda da Triniti ba na iya sa mutum ya ɗauka sun fi kusa da tauhidi. Akasin haka ne. Kirista na Nikiya da Musulmi da Bayahude, duk da babban saɓaninsu a kan Yesu, sun haɗu a kan cewa Allah ɗaya ne, ba shi da farko, shi ya yi kome daga babu. A waɗannan batutuwa ukun ne koyarwar Mormon ta ɗauki tata hanya.

Hukuncin da ya fi fitowa fili na baftisma ne. Katolika tana karɓar baftismar Angilikan ko Lutheran ko Baftis, muddin da ruwa aka yi, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da nufin yin abin da ikilisiya ke yi. Mormon ma da ruwa suke yi, suna nitsar da mutum gaba ɗaya daga shekara 8, kuma sunayen nan uku suke kira. Duk da haka a watan Yunin 2001 ofishin koyarwa na fadar Vatican, ƙarƙashin Kadinal Ratzinger, da amincewar Fafaroma John Paul na biyu, ya ce baftismarsu ba ta inganta ba, domin kalmomin ɗaya ne amma abin da ake nufi da su daban. Babban taron Methodist na Amurka ya tsayar da makamancin haka a 2000. Su ma Mormon ba sa karɓar baftismar kowa. Bishop ne ko fasto, in ya shigo sai an sake yi masa, domin sun ce ikon firistoci ya ɓace daga duniya bayan manzanni, sai a 1829 Yahaya Maibaftisma, daga baya Bitrus da Yakubu da Yahaya, suka dawo da shi ga Smith. A labarin wahayinsa na farko Smith ya ce an gaya masa kada ya shiga kowace ikilisiya, shaidun bangaskiyarsu abin ƙyama ne. Ke nan ba a gefe ɗaya aka gina katangar ba.

Akwai abubuwan da ake yawan ɗagawa waɗanda ba su ne ke yanke hukunci ba. Auren mata da yawa sun sanar da daina shi a 1890, yau korar mai yin sa suke yi, masu yi a wasu ƙauyukan yammacin Amurka ɓaraka ce da ta balle. Ƙin giya da taba da shayi da kofi ladabi ne na rayuwa. Baftisma domin matattu, da suke yi a haikali bisa 1 Korantiyawa 15:29, baƙuwa ce ga sauran Kirista, amma reshe ce. Hana baƙar fata firistanci har zuwa 1978 tabo ne babba, shi ya jinkirta baftismar mutanen kudu maso gabashin Najeriya irin su Anthony Obinna da suka yi shekaru suna jira, sai dai wariyar launi ta ɓata ikilisiyoyi da dama da ba wanda ya cire su daga Kiristanci. Ko yawan littattafai kaɗai bai isa ba, tunda Furotesta na da 66, Katolika 73. Abin da ya bambanta shi ne ƙofar nassi a buɗe take a wurinsu, suna da annabi mai rai da zai iya kawo sabon wahayi.

Ga inda hira da su ke lalacewa. Mai bishara zai tambaya, "Kun gaskata da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki?" Su ce i, kuma da gaske suke. Ya buɗe Littafin Mormon ya tarar a 2 Nifai 31:21 an ce ukun nan Allah ɗaya ne, sai ya rasa abin cewa. Dalili shi ne koyarwar jiki da ta alloli ba a littafin 1830 take ba, a wahayoyi da wa'azin shekarun baya take. Tambayoyin da ke fito da gaskiya su ne: Uba yana da jiki? Tun fil'azal shi Allah ne? Daga babu ya yi halitta? Mutum zai iya zama abin da Allah yake? Baftismata karɓaɓɓiya ce? Mormon mai gaskiya zai amsa ba ɓoye-ɓoye, domin Jeffrey Holland, ɗaya daga cikin shugabannin da suke kira manzanni, ya faɗa a babban taronsu na Oktoban 2007 cewa ba su bin shaidun ƙarni na 4 da na 5, kuma ba su ga wannan ya hana su sunan Kirista ba.

Ra'ayina shi ne addininsu ya tsiro daga Kiristanci, yana girmama Yesu da zuciya ɗaya, amma koyarwarsa game da Allah ta fita daga bangaskiyar da ikilisiya ta riƙe tun farko, don haka fasto da ya yi wa wanda ya fito daga cikinsu baftisma bai yi kuskure ba. Wannan hukunci na majami'a ne, ba na hukuma ba. Gwamnatin Rawlings ta rufe ayyukansu a Ghana daga Yunin 1989 zuwa ƙarshen 1990, tare da na Shaidun Jehobah, kuma ba na fatan a ga irin haka a ko'ina.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, idan labarinsu ya zo teburinka, a rubuta cikakken sunan ikilisiyarsu a farko, a ce suna ɗaukar kansu Kirista, sannan a ƙara cewa Katolika da Otodoks da mafi yawan Furotesta ba su amince da koyarwarsu game da Allah ba.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Jos